Multivitamin, kayan 'yan network ko shayin rage tumbi: wanne ya cancanci kuɗinki?

Ƙanwata ce ta turo min hotuna uku a WhatsApp, wai Yaya wanne zan saya, multivitamin na kemis, wani fakiti da ƙawarta 'yar network (masu tallar nan da kowa ke jawo wasu a ƙarƙashinsa yana cin kamisho) ke talla, sai shayin rage tumbi. Na ce ke me ke damunki tukuna? Ta ce gajiya kawai.

Multivitamin dai in mutum na samun abinci daidai gwargwado ba wani abin a zo a gani zai ƙara masa ba, kwamitin masana a Amurka ma da ya duba binciken a 2022 cewa ya yi babu isasshiyar hujjar yana kare mutum daga ciwon zuciya ko kansa. Fitsarin nan da ke komawa ruwan ɗorawa har a ce ai magani ya fara aiki, rarar bitamin B2 ce jiki ke zubarwa.

Wanda ni nake ganin kuɗi ba ya tafiya a banza shi ne ƙwaya mai aiki ɗaya, kuma ita ce ma mafi arha. Folic acid microgram 400 kullum ga mai shirin ɗaukar ciki, tun kafin cikin ya shiga, saboda yana rage haɗarin haihuwar jariri da matsalar ƙashin baya. Maganin ƙarin jini, wato ƙwayar iron, kuma sai an yi gwajin PCV an ga jinin ya yi ƙasa, kar a kora shi da shayi don shayi na hana jiki zuƙar iron ɗin, masu sikila kuwa don Allah kar su taɓa shi sai likita ya ce, wasunsu iron ɗin yawa ma yake musu saboda ƙarin jinin da ake yi musu.

Kayan network fa, abu ɗaya wai yana maganin suga, hawan jini, basir, har rashin haihuwa, haba. Za su nuna miki lambar NAFDAC, to ki duba, in ta ƙare da harafin L rajistar wucin gadi ce irin wadda ake ba maganin gargajiya, an duba ba ya cutarwa ne, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Wani kaso na tsadar ma kamishon na sama ne kike biya.

Shayin rage tumbi yawanci filasko ne a ciki, gudawa zai sa ki, ruwa ya fita, kitse na nan daram.

Na ce mata ta je a auna jininta da sugarta, canjin ta sayi ƙwai da hanta, ta yi kwaɗon zogale. Har yanzu dai ƙawar tata ba ta gaishe ni.