Bota-kirim ko fondan: wanne ya dace da kek ɗin kyauta?

'Yar uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina so ki gasa ƙananan kek guda shida ki raba wa dangi da abokan arziki lokacin biki, huɗu a kusa da ke, biyu kuma sai an yi tafiyar awa uku da su a mota, kuma kin rasa da wanda za ki lulluɓe su tsakanin bota-kirim da fondan. A ganina na kusa ki yi musu bota-kirim. Na tafiya ki sa musu fondan a kan ganash (haɗin cakulan da kirim ɗin madara), ko ma ki bar batun kek ɗin ki aika da biskit mai ado. Hanyar da kyautar za ta bi kafin ta isa hannun mai ita, ita ce za ta zaɓa miki, ba hoton da kika gani ya burge ki ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin kowanne, don daga nan duk bambancin ya taso. Bota-kirim mafi sauƙi bota ce giram 250, garin sukarin aisin giram 500 da aka tankaɗe, madara cokali biyu, ɗan gishiri da ɗan ƙamshi. Ki buga botar ita kaɗai kamar minti biyar har ta yi haske ta tashi, sannan ki riƙa zuba sukarin kaɗan-kaɗan. Botar ta yi laushi amma kada ta narke, wato zafinta ya kasance wajen digiri 18 zuwa 20: in kin danna yatsa ya nutse, bai kuma fito da maiƙo sharkaf ba, ta yi. Akwai wani nau'in da ake jingina wa Suwizalan, wanda ni shi na fi so don bai cika zaƙi ba. Farin ƙwai giram 100, sukari giram 200, bota giram 300. Ki ɗora kwanon farin ƙwan da sukarin a kan tukunyar ruwa mai tafasa kaɗan, kina juyawa har ma'aunin zafi ya nuna digiri 71, ki sauke ki buga har gindin kwanon ya huce, sannan botar ta shiga gutsure-gutsure. Ana cikin haka za ki ga ya tsinke ya yi ƙulalai. Kada hankalinki ya tashi, ki ci gaba da bugawa, zai haɗe. In kuwa ya yi ruwa, to kwanon bai gama hucewa ba ne, ki sa shi a firij minti goma sha biyar ki sake bugawa.

Shi fondan kwaɓaɓɓen garin sukari ne da aka haɗa da jelatin, gulukos da gilisarin, ana murza shi da muciyar murji har ya kai kaurin milimita 3 zuwa 4, a ɗauka a shimfiɗa wa kek. Lissafinsa ba wuya: faɗin kek, ki ƙara tsayinsa sau biyu. Kek mai faɗin santimita 15 da tsayin santimita 10 yana son shimfiɗa mai faɗin santimita 35, wato fondan kusan rabin kilo. In duka shidan za ki yi wa, kilo uku ke nan na murji, kuma kafaɗunki za su ba ki labari.

A wajen ɗanɗano babu wata gardama mai tsawo. Bota-kirim yana narkewa a baki tare da kek ɗin. Fondan zaƙi ne zalla da tauna, mutane da yawa ɓare shi suke yi su ture gefen faranti. In dai daɗi kawai ake nema, bota-kirim ya yi gaba.

Zafi ne ke juya lamarin. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, kuma tun kafin ta kai nan ta saki jiki. Motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe tana wuce wannan zafin cikin ɗan lokaci. Furannin da kika matsa da kyau su ne za su fara kwantawa, sai gefen kek ɗin ya fara ƙyalli, daga nan benen sama ya zame daga kan na ƙasa. Wasu na maye rabin botar da farin daskararren man gashi, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 40. Yana taimakawa sosai, amma yana barin santsin maiƙo a ganɗa, kuma in ya wuce rabi mai ci zai gane.

To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna zaton fondan sulke ne. Gaskiya shi kansa ba ya narkewa yadda bota ke yi, amma ai ba a shimfiɗa shi a kan kek tsirara. Dole akwai abin da aka shafa a ƙarƙashinsa. In bota-kirim ne a ƙasan, zafi ya taɓa shi, sai ki ga fondan ɗin ya yi tumbi a daidai mahaɗar benaye, gefen sama ya sunkuya, wani lokaci iska ta taru ta kumbura shi. Abin da ke riƙe kek a tafiya shi ne ganash, wato cakulan da kirim ɗin madara. Baƙin cakulan giram 400, kirim giram 200. Ki ɗumama kirim ɗin har gefensa ya fara ƙananan kumfa, ki zuba a kan yankakken cakulan, ki bari minti biyu ba taɓawa, sannan ki juya daga tsakiya har ya yi sumul. Ki rufe ki bar shi ya kwana a ɗaki ya yi kaurin shafawa. In farin cakulan ne sai nauyin cakulan ɗin ya ninka na kirim ɗin sau uku maimakon biyu, don ya fi baƙin laushi. Idan ganash ya daskare a jikin kek, kina iya taɓa shi da yatsa bai bar alama ba, kuma gefen sama yana fita da kaifi. Shi ma ba ya son rana, man koko da ke cikin cakulan na narkewa wajen digiri 34, amma ya fi bota-kirim juriya nesa ba kusa ba. Kuma ki sani, kek mai ganash kaɗai, da ɗan ado a kai, kyauta ce cikakkiya ko ba fondan.

Laima kuma abokiyar gabar fondan ce. Sukari yana jan ruwa daga iska, saboda haka a lokacin damshi fondan yana yin danƙo, launukansa su fara zuba cikin juna. Haka in kin fito da shi daga firij zuwa ɗaki mai ɗumi, sai ya yi gumi. Dabarar ita ce ki sa kek ɗin a firij cikin kwalinsa a rufe, in kin fito da shi kada ki buɗe sai ya ɗauki zafin ɗakin, don raɓar ta sauka a jikin kwali. In ya riga ya yi gumin, kada ki goge, kada ki taɓa, ki kunna masa fanka ya bushe da kansa. A busasshiyar iska kuma matsalar ta koma tsagewa: in kin daɗe kina murji, samansa zai bushe ya tsattsage a gefen kek. Ki shafa ɗan farin man gashi a hannu ki sake cuɗa shi, kuma duk wanda ba kya aiki da shi ya zauna a nannaɗe cikin leda. Bota-kirim bai damu da wannan duka ba, shi da firij aminai ne.

Ban san ƙwarewarki ba, amma in ba ki taɓa shimfiɗa fondan ba, jajibirin biki ba ranar koyo ba ce. Bota-kirim yana yafiya. In gefe bai yi ba, ki ƙara shafawa ki sake ja da abin sharewa. In fure ya karkace, ki kwashe da wuƙa ki sake matsawa. Kina ma iya barin sawun cokali a jiki da gangan, ya zama shi ne adon. Fondan kuwa duk wani tudu da rami na ƙarƙashinsa sai ya tona shi, in ya yage a gefe gyaransa sai dai ki rufe wurin da fure ko kintinkiri. Ko wanne kika zaɓa, kada ki tsallake shafin farko, wannan siririn da ke kama ɓurɓushin kek, a sa a firij kamar minti ashirin kafin shafi na biyu. Kada kuma ki taɓa shafa wa kek komai alhali da sauran ɗumi a cikinsa.

Akwai wata hanya ta tsakiya da nake ba masu kek da yawa shawara a kanta. Ki yanka taurari, furanni ko haruffan suna da fondan tun mako guda kafin biki, ki shanya su a kan takardar gashi su bushe, ranar rabo ki manna su a kan bota-kirim. Kada ki manna su tun da wuri, don damshin kirim ɗin zai sa su yi laushi su lanƙwashe. Da giram 200 na fondan kin ƙawata kek huɗu, kuma babu wanda zai ɓare komai ya zubar.

Batun launi ma akwai bambanci. Bota tana da ɗan rawaya, saboda haka shuɗi a bota-kirim yana karkata zuwa kore, farin ma ba ya fita tas. Fondan fari ne sol, launin da kika ɗiga shi za ki gani. Ki yi amfani da launi mai kauri irin na kwalba ƙarama, da tsinken sakace, ba mai ruwa ba, don mai ruwa yana tsinka kirim yana sa fondan danƙo. Ja da baƙi suna ƙara turuwa in sun kwana, don haka ki haɗa su tun jiya, ki tsaya tun launin bai kai yadda kike so ba. Ja in ya yi yawa ɗaci yake yi. Baƙi kuma ki fara shi daga kirim mai garin koko, ba daga fari ba, in ba haka ba yaran gidan da kika kai wa za su wuni da baƙin harshe.

Tunda ba cikinki kaɗai zai shiga ba, ki duba jikin kwalin fondan ɗin da za ki saya. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, na alade ko na shanu, wasu kamfanonin kuma da ƙaro na tsirrai suke haɗa nasu. In kin sa gyaɗa ko dangoginta a kek, ki rubuta a jikin kwali, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka ko kaɗan.

Yanzu ga biyun nan na tafiya. In ni ce, biskit zan aika. Aisin ɗin farin ƙwai, wato haɗin farin ƙwai da garin sukari da ake yi wa biskit ado da shi, yana bushewa ƙarau, ba ruwansa da kwanar hanya ko rami. Farin ƙwai ɗaya yana ɗaukar garin sukari kamar giram 200, da ɗigon lemon tsami. Kwano da abin bugawa su kasance ba maiƙo ko kaɗan. Ki raba biyu: mai kauri na zana iyaka a gefen biskit, mai ɗan ruwa na cika tsakiya. Gwajin na biyun shi ne ki ja layi da wuƙa a cikin kwano, in layin ya ɓace cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, ya yi. Ki fasa ƙananan kumfa da tsinke, ki bar su a buɗe su kwana, sannan ki ƙulla kowanne a ledarsa. Suna kai mako biyu lafiya lau, abin da kek mai kirim ba zai taɓa yi ba. Da yake ƙwan ɗanye ne, in akwai mai ciki, tsoho ko ƙaramin yaro a gidan, ki nemi garin farin ƙwai da aka riga aka kashe wa ƙwayoyin cuta. In kina so ki cika gwangwanin biskit ɗin, ki ƙara da alewar tofi, wanda ake dafa sukarinsa zuwa digiri 149 zuwa 154, ko alewar foj mai laushi da ake saukewa a digiri 112 zuwa 116. A nan ido ba mudu ba ne, ki nemi ma'aunin zafi. Sai dai kada ki haɗa mai laushi da mai ƙaras-ƙaras a wuri ɗaya ba leda a tsakani, damshin foj zai kashe biskit ɗin cikin kwana biyu.

In kuma zuciyarki na kan kek ɗin dole, to ki yi shi gajere, bene biyu ya isa, kada ki cika tsakiyarsa da ɗanyen 'ya'yan itace ko kirim mai ruwa. Ki ɗiga ɗan ganash a kan faifan ƙasa kafin ki ɗora kek don kada ya zame, faifan kuma ya cika faɗin kwalin daidai. Ya kwana a firij, a fito da shi daf da tashi. A mota a ajiye shi a ƙasa inda yake shimfiɗe, a kan tawul, ba a cinya ba, ba a kujera ba don kujera a karkace take, a kuma kunna na'urar sanyi in akwai. Wani birki ɗaya na gaggawa ya isa ya sa kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu.

Ga tsarin aiki yadda ba za ki jigata ba: biskit da adon fondan mako guda kafin biki, gashin kek da ganash kwana biyu kafin, ki nannaɗe kek ɗin da leda bayan ya huce, shafi da ado kuma ana gobe, banda manna adon fondan, shi sai ranar rabo. Na bota-kirim ɗin ki gaya wa waɗanda kika kai wa su fito da shi daga firij awa guda kafin a yanka, don bota mai sanyi tauri take yi, ba ta ba da ɗanɗanonta.