Tukunyar alminiyam ta zubi: gwanar tuwo ce, amma kada tsami ya kwana a cikinta

Abu mai tsami yana cin tukunyar alminiyam, kuma harshe yana ganewa. Sai dai ba a kowane girki ba, ba kuma nan take ba. Wadda nake magana a kanta irin ta zubi ce mai kauri, irin wadda maƙera a kasuwar Katako ta nan Yamai suke narka tsofaffin gwangwanaye da tarkacen alminiyam su zuba a cikin yashi. Tun kafin azumin bara nake girki da ita, a gas da kuma gawayi.

Wajen tuwo ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Alminiyam ya ninka inoks, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, fiye da sau goma wajen ɗaukar zafi, shi ya sa wuta ba ta taruwa wuri guda ta ƙona gindi. Tuwon gero yana nuna har ciki, ƙanzo ya fito siriri, kuma komai ƙarfin tuƙin muciya tukunyar ba ta lotsewa. Shinkafa, suyar albasar Galmi, dahuwar nama, duk lafiya lau. Ga sauƙin kuɗi.

Inda take da magana shi ne tsami. A jikin alminiyam akwai wani ɗan rufi siriri da ido ba ya gani, wanda iska ke haifarwa da kanta. Shi ke raba abinci da ƙarfen. Tsami yana narkar da shi, gishiri kuma yana huda shi. A ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba take nufin tsami mai ƙarfi, tumatir yana sama da 4 kaɗan, tsamiya da zoɓo wajen 3, lemun tsami kusa da 2.

Miyar tumatir da aka dafa aka kwashe, ban ji wani bambanci ba. Wadda aka bari ta kwana don ɗumame ita ce ke tona asiri: da safe akwai wani ɗan ƙarni a bayan harshe, kamar mutum ya tsotsi makulli, kuma jan miyar ya dushe. Zoɓo ya fi nuna abin a fili. In aka jiƙa shi a ciki tun dare, jan nan mai haske sai ya yi duhu, ya ɗan karkata zuwa shuɗi, don launin zoɓo yana haɗuwa da alminiyam ɗin da ya narke. Sukari da citta suna rufe ɗanɗanon, amma mai sayar da zoɓo da launi take jawo masu saye.

Ga abin da kowa zai iya dubawa a madafarsa. Bayan an tafasa ruwan tsamiya na kunu, a leƙa cikin tukunyar: iya inda ruwan ya kai ya yi fari tas yana ƙyalli, daga nan zuwa baki kuma yana nan da duhunsa, da layi a tsakani kamar an ja shi. Wasu na murna wai tsamiya ta wanke musu tukunya. Abin da ta kankare yana cikin kunun.

Kanwa kuwa, wadda ba a cika zargi ba, ni a ganina ta fi tsami ɓarna. Ita kishiyar tsami ce, amma alminiyam ba ya jure ko ɗayansu. Wake da kanwa, ko miyar kuɓewa da aka cika wa ita, suna barin cikin tukunyar baƙi ƙirin. Da na kai zancen wurin dattijon da ya sayar mini da tukunyar, bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Hajiya, ki dafa ki juye. Tukunya ba kwano ba ce."

Batun lafiya, ban ga abin tada hankali ga mai ƙoshin lafiya ba. A 2011 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci ya sa iyakar miligram 2 na alminiyam ga kowane kilo na nauyin mutum a mako, wato 120 ga mai kilo 60. Kaɗan ne jiki ke tsotsa daga abin da aka ci, ƙoda kuma tana fitar da shi. Mai ciwon ƙoda ne ya kamata a yi wa taka-tsantsan.

Abin da ya fi damuna game da kowace tukunyar zubi, a ko'ina aka yi ta, shi ne tarkacen da aka narka. In an haɗa da tsofaffin sassan inji, ana iya samun gubar dalma, tsami kuma shi ke jawo ta cikin abinci, ga shi ba ta da ɗanɗanon da zai faɗakar da kai. Saboda haka kunun yara da nono mai tsami na mayar da su ƙaramar tukunyar inoks, zoɓo kuma a langa nake jiƙa shi, muddin fentinta bai ɓare ba.