Capcom Arcade Stadium ko 2nd Stadium: wanne za ka fara saye?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka na ɗaya ne kawai, kuma kana son wanda za ku riƙa bugawa da ƙannenka a talabijin guda. To ka ɗauki na farko.

Dukkansu tarin tsoffin wasannin Capcom ne na injin jefa kwabo, kowanne da wasa 32, kuma akwai su a na'urorin wasa na Switch, PS4 da Xbox One, da kuma kwamfuta. Na farko ya fito a 2021, na biyu a Yulin 2022. Kayan aikinsu kusan ɗaya ne: kana iya maido da wasa baya in ka yi kuskure, ka rage masa gudu, ka ajiye inda ka tsaya. Bambancin yana cikin wasannin.

Na farko ya fi gauraya, daga Vulgus na 1984 har Progear na 2001. Ɓangaren jiragen yaƙi a cike yake: 1942, 1943, 19XX, Giga Wing. Na bin titi ana dukan 'yan daba kuwa nan ne gidansu, kuma su suka dace da buƙatarka. Final Fight mutum biyu yake ɗauka, amma Captain Commando da Battle Circuit har huɗu a lokaci guda, ba mai zaman jiran layi. Ga Strider da Ghouls 'n Ghosts na tsalle-tsalle, ga Street Fighter II kala uku.

Na biyu ya karkata ga faɗan mutum da mutum: Street Fighter Alpha guda uku, Darkstalkers guda uku, Hyper Street Fighter II. Yana da nasa na haɗin gwiwa, Knights of the Round da The King of Dragons, kowanne mutum uku, sai Super Puzzle Fighter II Turbo na jera duwatsu masu launi, wanda ni a ganina ya fi komai daɗi a ciki. Matsalar a nan ita ce wasan faɗa ba ya raga wa ɗan koyo. In ɗaya ya ƙware, ƙarami zai sha kashi sau uku ya ajiye hannu ya fita.

Kafin ka biya, sauke su ka gwada. Na farko yana ba da 1943 kyauta, na biyu SonSon. Ka lura kuma, wasannin na farkon an kasa su ƙunshi uku masu goma-goma na sayarwa, kuma Ghosts 'n Goblins ba ya cikinsu, daban yake.

Inda aka fi samun matsala wajen hannu ne, wato abin da kake riƙewa kana danna maɓallai. Street Fighter maɓalli shida yake so, uku na naushi uku na ƙafa, alhali fuskar hannun PS4 huɗu gare ta. Shiga saiti ka ɗora naushi mai ƙarfi a R1, ƙafa mai ƙarfi a R2, wato maɓallan saman hannun na dama. Joy-Con guda, wato rabin hannun Switch, da aka kwantar ya isa Final Fight, tunda maɓalli biyu ne, duka da tsalle, amma a wasan faɗa wahala za ka sha wajen fitar da Hadoken, harbin nan na musamman na Street Fighter. Idan kuma ka danna ka ga ɗan jinkiri kafin ɗan wasanka ya motsa, yawanci laifin talabijin ne, saboda gyaran hoto da take yi kafin ta nuna shi. Kunna mata Game Mode.

Su 1942, Commando da Gun.Smoke an yi su ne don allo mai tsaye, shi ya sa suke fitowa siriri a tsakiya. Kada ka ja hoton ya cika faɗin talabijin, jirage za su baje, lissafin kauce wa harsashi ya ruɗe maka. A Switch juya hoton kawai ka tsayar da na'urar.

Abu ɗaya da babu a dukkansu shi ne bugawa da wani ta intanet, jerin maki kaɗai ake turawa. In abokin bugunka yana wani gari, nemi Capcom Fighting Collection don faɗa, ko Capcom Beat 'Em Up Bundle don su Final Fight.