Masu wankin shodiyar da muka kira a Yamai, aiki ya yi amma da saura

Otel ɗinmu ƙarami ne kuma ruwan foraj muke sha, to tun shigowar sanyi shodiyar, wato tukunyar da ke dafa mana ruwan zafi, ta fara raki, gazuwal na tafiya kamar ana zubar da shi amma baƙo ya buɗe pampo da asuba ya samu ruwa ɗumi-ɗumi, wurin wanki ma kuka suke. Ashe farantan inoks ɗin nan ne na ƙarfe marar tsatsa da ke miƙa zafin shodiyar ga ruwan wanka suka toshe.

Abin da ya sa na yarda da ogan masu wankin tun farko, bai taɓa sufana ba sai da ya auna zafin ruwa mashiga da mafita, ya duba presiyo, ya sa mita ya auna kaurin farantan a matse ya rubuta a jikin bango saboda in an zo ɗaurewa a maida daidai. Da suka buɗe, wallahi kalkar, wato daskararren dattin da ruwan foraj ke bari, fari fat ya kame a kwarin farantan kamar ƙanzo a gindin tukunya, sai ka sa farce ka ɓamɓaro.

Ni kuma na ce a sawo asid irin na wankin makewayi a Katako a gama da wuri, mutumin ya ƙi ƙememe, ya ce wannan asid ɗin yana cin inoks, yana hudawa ƙanana-ƙanana har ruwan biyu su gauraye. Asid ɗin sitirik, irin tsamin lemun tsami, ya kaɗa da ruwa mai ɗumi, ya sa ɗan famfo yana zagaya da shi ta baya, kumfa na tashi har ta daina, sannan suka kashe tsamin da soda suka ɗauraye sosai. Buroshi ma na roba, ba na ƙarfe ba. Nan dai kuɗina ya halatta.

Sun share baƙin hayaƙin cikin bututan wuta, sun fitar da ƙurar hunturu da ta cika mashigar iskar birla, wato na'urar da ke hura wutar, shi ya sa da wutar take ja tana hayaƙi. Ya kuma ce mu bar ruwa a digiri 60, in ka haura kalkar ya fi saurin kamawa, in ka sauko da yawa ƙwayoyin cuta su samu gida.

Inda suka ɓata mini rai, sun zo ba robobin juwan na canji, waɗanda ke hana yoyo tsakanin farantan, biyu suka tsage wajen buɗewa, muka kwana ba ruwan zafi da baƙi cike da gida. Kuma har yau takardar awon da suka yi alkawari shiru, kullum sai gobe Alhaji. Ga matsa mini da suke in sayi na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri a hannunsu, na san ana buƙata amma zan taya wani wuri tukuna.

Zan sake kiransu, sai dai sai na ga juwan a hannu kafin a kwance ko noti ɗaya.