"Kind" da "sort": ɗaya daga haihuwa, ɗaya daga ƙuri'a

Wata 'yar'uwa a wannan zaure ta ce ta duba ƙamus na Turanci, ta ga "kind" an fassara ta da iri, "sort" ma iri, ta tambaya ko akwai bambanci, kuma daga ina suka fito. Malama, a yawancin jimloli za ki iya cire ɗaya ki saka ɗaya ba tare da ma'ana ta motsa ba. Sai dai asalinsu ya sha bamban, kuma shi ne yake bayyana 'yan wuraren da ba sa musanyuwa.

"Kind" 'yar gida ce. A tsohon Turanci ana cewa "gecynd", wato halitta ko zuriya, kuma uwarsu ɗaya da "kin", dangi. Tushen can baya yana nufin haihuwa, shi ne ya ba Latin "genus", ya ba Girkanci "genos", ya ba Jamusanci "Kind", yaro. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin kalmarmu ta iri haka take. Manomi ya zaɓi zangarniyar gero mai kyau ya rataye a rumbu ya ce wannan iri ne, da kalmar nan dai yake tambaya wane iri ne. Abin da aka haifa daga abu shi ne irinsa. Daga nan "mankind" ta fito, 'yan Adam. Daga nan kuma ɗaya ma'anar ta kirki ta samo asali: da farko siffar tana nufin abin da ya dace da halitta, wajen shekarar 1300 ta koma mai kyakkyawan hali. Wani abin sha'awa, jinsi da muka aro daga Larabci, masana da yawa suna mayar da ita ga "genos" ɗin nan, ke nan ita da "kind" dangi ne na nesa.

"Sort" kuwa baƙuwa ce. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci. "Sort" ta shigo a ƙarni na 14 daga "sorte" ta Faransanci, ita kuma daga "sors" ta Latin, ƙuri'a. Romawa kan zuba 'yan guntayen katako a tulu, a zaro ɗaya, abin da ya fito maka shi ne naka. Kalmarmu ta rabo ta kama wannan daidai, tana nufin kason da aka ba ka, tana kuma nufin abin da aka ƙaddara maka. Daga kaso sai ma'anar ta zama rukunin da abu ya faɗa. "Sorcerer", matsafi, daga nan take, mai duba da ƙuri'a ke nan.

Ga inda bambancin yake aiki. "Sort" tana zama aikatau, "kind" ba ta zama. Mai tumatir da ya zazzage kwando yana ware manya gefe, ƙanana gefe, ruɓaɓɓu gefe, abin da yake yi shi ne "sorting". "Kind" kuma tana zama siffa, "a kind woman", mace mai kirki, "sort" ba ta iyawa. Idan aka biya ɗan ƙwadago da buhun masara maimakon kuɗi, an biya shi "in kind", babu mai cewa "in sort". Wanda ba ya jin daɗin jikinsa yana "out of sorts". A kula da "a mechanic of sorts", akwai raini a ciki, wato makanike ne a suna kawai.

Akwai ta uku, "type", daga "typos" ta Girkanci, bugu ko alamar da hatimi ya bari. Ita ce a cikin tafireta. Ta fi dacewa da rukunin da aka auna aka tabbatar, kamar na jini ko nau'i na 2 na ciwon suga.

Kuskuren da ya fi damun ɗalibanmu shi ne "these kind of books". Dalilinsa a bayyane yake: a Hausa muna cewa irin waɗannan littattafai, iri ya tsaya tilo, jam'in yana kan littattafai, sai hannu ya bi tsarin da baki ya saba. Turawa ma suna faɗarsa, har Shakespeare ya rubuta "these kind of knaves" a wasansa King Lear, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja masa jan biro. A rubuta "this kind of book", ko a mayar da duka jam'i, "these kinds of books", kwatankwacin ire-iren littattafan nan. Dokar ɗaya ce ga "sort" da "type".

Sai "kind of" da "sort of" na sassauta magana, kamar "I am kind of tired", na ɗan gaji. Amurkawa sun fi riƙon ta farko, ta biyun an fi jin ta a bakin mutanen Ingila. "Type of" ba ta wannan aikin ko kaɗan. Dukansu biyu na hira ne, kada a saka su a takardar neman aiki.