Gargaɗi ga 'yan wasan GTA na Maradi: kada ku sayi gurbi a hannun kowa

Salamu alaikum jama'ar Maradi, musamman samarin da ke kwana gaban kwamfuta da iyayen da ke ba su kuɗin forfe. Akwai wani da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp yana sayar da "gurbi" a sabar GTA RP. A satin da ya wuce ya cinye wa ƙanena jika 25, ya haɗa da asusunsa na Steam, wato shagon intanet da ake sayen wasanni a ajiye su.

Ga wanda bai san harkar ba, GTA V wasa ne da kamfanin Rockstar ya fitar a 2013. Daga baya aka ƙera manhajar FiveM, wadda ke ba mutum damar buɗe garin kansa a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da duk masu wasa. Ba harbe-harbe ake zuwa yi ba. Wani ɗan sanda ne, wani likita, wani makaniki, kowa da sunan da ya raɗa wa kansa, yana magana da muryarsa, in kuma ka saki halin da ka ɗauka a kore ka. Wannan salon wasan shi ne RP, yaranmu "erpe" suke ce masa.

To, kowace saba da iyakar mutanen da take ɗauka. Ƙarama 48 ne, manyan suna kaiwa ɗaruruwa, amma masu son shiga sun fi kujerun yawa. Ga shi agogonmu kusan ɗaya ne da na Faransa, lokacin da yaranmu suka samu sarari bayan isha'i, lokacin ne su ma 'yan Faransa suka cika garin da ke sabobinsu. Da idona na ga ƙanena a fadarmu ta Ali Dan Sofo, kwamfuta a cinya, an sha shayi na fari, an sha na biyu, ana zuba na uku, shi yana ta kallon lambarsa a layi tana rarrafe. Reso ya ɗauke na minti ɗaya, ya dawo ya tarar da kansa can a wutsiya. Wanda ya sha wannan sau goma, in aka ce masa ga ƙofar baya, ba ya tsayawa tambaya.

Nan mutumin ya shigo. Ya ce shi ɗaya ne daga cikin masu kula da wata sabar Faransa, jika 10 a riƙa tsallake layi, jika 15 a sa sunanka cikin waɗanda aka amince da su ba tare da ganawa ba. Ƙanena ya je ya aika kuɗin. Sai ya ce saura a "ɗaura" gurbin a asusu, a turo suna da kalmar sirri. Can kuma ya ce a karanto masa lambar nan mai harufa 5 da Steam ke turowa. Kafin a kira asuba an canza imel ɗin asusun, an toshe lambar yaron. Wasan da ya yi wata da watanni yana tara kuɗinsa daga tsaron shago ya tafi.

Da safe ya same ni, ido ja. "Yaya, wallahi har hoton sunana ya nuna mini a cikin jerin." Na ce masa, "Ƙanena, hoton da kai ma za ka haɗa a wayarka kafin ruwa ya tafasa?" Ban ƙara ba, don kunyar da yake ji ta ishe shi.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne akwai gaskiya a jikinta. Sabobi da yawa suna sayar da fifikon layi, amma a shafinsu na intanet, kuma kai ne za ka shiga da hannunka. Babu mai kula da saba da ke buƙatar kalmar sirrinka, balle lambar Steam. Shiga jerin amintattu kuwa takarda ake cikewa, ka rubuta tarihin mutumin da za ka zama, wani wurin har su yi hira da kai ta manhajar hira ta Discord su ji ko ka san dokoki. Wanda ya ce zai tsallakar da kai wannan, ko dai ba shi da komai a hannu, ko ranar da aka gano a kore ku tare.

Yana kuma tallar "FiveM na waya" jika 3. Babu wannan abu. FiveM kyauta ake sauke shi, a kwamfuta mai Windows yake aiki, kuma sai kana da GTA V na halak. Wani yaro a unguwar Zariya ya nuna mini abin da ya turo masa: da buɗewa ya nemi izinin karanta saƙonnin waya. Mun goge shi nan take.

Mun rubuta wa Steam da shaidar sayen wasan, rasidin aika kuɗin da hotunan hirar kuma mun kai komisariya. Duk wanda ya taɓa aika masa ko dala ya adana rasidinsa ya same ni, mu haɗa. Jiya da dare an ga saƙonsa a wani guruf na ɗaliban jami'a, sabuwar lamba, sabon hoto, amma har kuskuren rubutun bai gyara ba.