Cajar mota, rigar waya da data: abin da zan saya in zan bi taswirar waya a tafiya mai nisa

Akwai wani takaici da sai wanda ya taɓa dogara da taswirar waya a hanyar da bai sani ba zai gane shi. Waya tana jone, alamar caji tana nan a saman allo, amma batir sai ƙasa yake yi. Ni dai ya taɓa cin ni. Na kama hanya da batir ya haura rabi, na soka wata caja da na saya saboda manyan lambobin da aka rangaɗa a kwalinta, hankalina kwance. Bayan awa uku, duhu ya shigo, ina daf da wata mararraba, waya ta yi ɗif. Da na taɓa cajar sai na ji ta kamar an ciro ta daga murhu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, shi ya sa za ka ga na fi tsayawa a kan caja fiye da komai a nan.

Ba abin da ke shan batir kamar nuna hanya. Allo a kunne yake ba hutu, kuma da rana haskensa a ƙure. Waya tana sauraron taurarin ɗan'adam, tana zana taswira tana sake zanawa duk ƙwanar da ka sha, tana magana, tana jan data. In ka shiga wurin da sabis ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa, wannan ma wuta ce take ci. To cajar da ba ta zuba abin da ya wuce wanda ake kwashewa, sunan caji kawai take yi.

Lissafin ba shi da wuya: bolt sau amfiya shi ne wat. In ka ga an rubuta 5V da 2.4A, wat 12 ke nan. In 9V ne da 3A, wat 27. Riƙe wannan, da shi za ka kama maƙaryata.

Ramin USB da ya zo da mota, musamman tsofaffi, yawanci don sauraron sauti daga filas aka yi shi. Tsohon tsarin USB 2.0 rabin amfiya yake bayarwa a bolt 5, wato wat biyu da rabi. Manta da shi. Inbata kuma, wadda za ta mai da bolt 12 na mota ya koma wutar gida sannan ka soka cajar bango ta sake mai da shi ƙasa, zagaye ne da ɓarnar wuta, ga ƙugi. Pawa-bank na ajiya ne don ranar tsautsayi, kuma kada a bar shi cikin motar da ke shanye a rana.

Caji marar igiya ya fi waɗannan jan hankali, don babu shakka yana da daɗin sha'ani: ka manna waya, shi ke nan. Tun da Apple ta kawo MagSafe, wato caji marar igiya mai riƙe waya da maganaɗisu, a iPhone 12 a 2020, sannan tsarin Qi2 ya biyo baya a 2023 da nasa maganaɗisun, zaman waya a kan irin wannan mariƙi ya gyaru sosai, wat 15 ko fiye ake samu. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: wani kaso na wutar zafi yake komawa a bayan waya. A cikin gari, tafiyar minti ashirin, ba laifi. A doguwar hanya da rana tsaka kuwa, ka haɗa zafin caji da zafin taswira da zafin gilashi, sai waya ta rage hasken allo da kanta ko ta dakatar da cajin. Ni na daina.

Abin da nake amfani da shi, kuma shi zan ce ka saya, ita ce ƙaramar cajar da ake sokawa a ramin kunna sigari, mai bakin USB-C, mai tsarin da ake rubuta wa PD, wat 30 ko sama da haka a baki ɗaya. Dalilin da ya sa na fifita ta shi ne ba ta tura wuta da ka. Ita da waya sai sun yi ciniki tukuna: waya ta faɗi abin da take iya ɗauka, bolt 5 ko 9, caja ta ba ta daidai wannan. Saboda haka caja mai wat 45 ba za ta ƙona wayar da wat 18 take sha ba, abin da mutane da yawa ke tsoro ba gaira ba dalili. IPhone tun daga ta 8 da wannan tsarin take cajin sauri, daga iPhone 15 a 2023 kuma ita ma bakin USB-C ta koma, don haka igiya ɗaya ta ishi kusan duk wanda ke cikin motar.

In wayarka Samsung ce, nemi ƙarin haruffa uku a jikin kwalin: PPS. Shi ne ke barin waya ta riƙa daidaita bolt ɗin kaɗan-kaɗan yayin da batir ke cika, kuma sai da shi cajin saurin nan na wat 25 ko 45 yake tashi. Abin da ya fi burge ni da PPS shi ne yana rage aikin sauya wuta da ake yi a cikin wayar, sai zafin ya ragu, wanda shi ne ainihin abin da muke yaƙi da shi. Wasu wayoyin, irin su Oppo da OnePlus, suna da nasu tsarin cajin na gida da ba ya kai ƙarshen gudunsa sai da cajarsu, amma ko su ma PD zai riƙe su batir ya riƙa hawa, ba sauka ba. Quick Charge na Qualcomm, mai wat 18 a tsohon bakin USB mai faɗi, bai mutu ba. In ya zo a matsayin baki na biyu, alhamdulillahi, na fasinja ne.

Ina son mai jikin ƙarfe, gajera, wadda ke shigewa ramin ta zauna daram. Dogayen nan masu kai kamar tocila, da ka faɗa rami sai su zazzago, caji ya yanke ba ka sani ba. Mai tuƙa babbar mota ya duba a ga an rubuta 12V zuwa 24V, don manyan motoci da yawa bolt 24 suke amfani da shi.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Ramin sigari kansa ba shi da rowa, fis ɗinsa yawanci amfiya 10 ne zuwa 15, wato ya haura wat 100. Duk ƙarancin da ka gani daga caja ne ko igiya. Dabarar farko ta masu jabu ita ce lambar jimla. Za a rubuta 60W da manyan baƙaƙe, ga baki huɗu reras, amma in ka karanta ƙananan rubutun da ke gindin cajar sai ka tarar kowane baki 5V ne kawai, kuma abin da ake da shi raba shi ake yi. Ka jona waya biyu, kowacce ta samu abin da bai kai ya kawo ba. Cajar kirki tana fayyace abin da kowane baki ke bayarwa shi kaɗai, da abin da zai koma in an jona duka. Wadda ba ta rubuta komai ba sai kalmomin zuga, ajiye ta. Dabara ta biyu fenti ne: a shafa wa cikin bakin USB launin lemo ko kore don ya yi kama da na cajin sauri, alhali ciki babu komai. Ta uku, ƙaramin allo mai nuna lambobi da fitila mai walƙiya. Kyan ɗan maciji ke nan. Lambar da allon ke nunawa, 12 da ɗoriya ko 14 in inji na aiki, ƙarfin batirin mota ne, ba ta gaya maka abin da ke shiga wayarka.

Kuma kada sunan kamfani ya ruɗe ka. Anker, Belkin, Ugreen, Baseus, Samsung, duk suna yin cajar mota ta gaske, kuma saboda sun yi suna ne ake kwaikwayon su har da kwali da tambari. Duba rubutun ko harafi ya karkace ko an sauya guda ɗaya, duba ko akwai lambar samfur da za ka iya nema a shafin kamfanin. Wasu suna sa lambar tantancewa da ake kankarewa; in akwai, kankare a gaban mai sayarwa. Ɗauki cajar ka jijjiga ta kusa da kunne. Wadda ta yi sakayau kamar fanko, ko wani abu ke kaɗawa a ciki, ta riga ta ba ka amsa.

Illar ta jabu ba ta tsaya a jinkirin caji ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Wutar mota ba a natse take ba, tana faɗuwa lokacin tayar da inji, tana kuma iya yin tsalle. Aikin caja ne ta tare wannan kafin ya kai ga waya, kuma kayan tarewar su ne farkon abin da mai jabu ke cirewa don ya rage kuɗin ƙira. Wasu kuma suna fitar da hayaniyar lantarki. In ka soka caja ka ji rediyon FM ya fara shuu, ka zare ya washe, to ita ce. Saƙon tauraron ɗan'adam da ke tahowa daga nisan kilomita 20,000 da 'yan kai rauni gare shi ƙwarai, irin wannan hayaniyar na iya sa ɗigon da ke nuna inda kake ya riƙa tsalle-tsalle. Akwai kuma wadda in ka taɓa allo tana jone sai ya riƙa danna kansa.

Igiya ma rabin magana ce. Sayi gajera, mita ɗaya ta isa, mai USB-C kai da kai. Kowace ta gaske tana ɗaukar amfiya 3, har wat 60, wanda ya wuce buƙatar yawancin wayoyi; mai amfiya 5 sai in kana son wat 45 ɗin Samsung cikakke ko za ka haɗa da kwamfuta. Ta jabu kaurinta roba ce, wayar ciki siririya kamar gashi, wani lokaci ma alminiyom ne aka yi wa wankan tagulla. In motarka tana da Android Auto ko CarPlay na igiya, wato tsarin da ke nuna taswirar waya a allon mota, tabbatar igiyar tana ɗaukar bayanai, don akwai waɗanda caji kaɗai suke yi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka kunna taswira, ka ƙure hasken allo, ka jona batir yana wajen rabi, ka yi tuƙin minti talatin. In bai hau ba, mayar musu da kayansu tun da rasit na hannunka.

Batun rigar waya, zaɓina siririya ce ta roba mai laushi. Masu kaurin nan da ake tallata cewa ko daga bene waya ta faɗo ba abin da zai same ta, a mota bargo ne. Apple da kanta ta ce iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma saman dashbod da rana ya wuce nan nesa ba kusa ba. Batirin litiyom ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi yana cike. Wata tsohuwar wayata sai da bayanta ya ɗago don kumburi. Riga mai murfi kamar littafi ba ta shiga mariƙi da kyau, bar ta. In kana da mai kaurin kuma kana son ta, cire ta kawai in tafiyar mai nisa ce. A kula da ƙaramin faifan ƙarfen nan da ake liƙawa a bayan riga don mariƙin maganaɗisu: ba ya jituwa da caji marar igiya, zafi yake ɗauka.

Mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar esi shi na fi so, don sanyi yana bugun bayan wayar kai tsaye, sai dai a rufe wannan bakin in an kunna ɗumi. Mai manne wa gilashin gaba yana shanya waya a rana, kuma robarsa sai ta zaɓi ranar da ka fi buƙatarta ta saki. Ko wanne ka ɗauka, kada ya tare maka gani ko ya zauna a gaban jakar iska.

Data kuwa, wadda ita mutane suka fi damuwa da ita, ita ce mafi sauƙi. GPS, wato tsarin taurarin ɗan'adam da ke nuna inda kake, ba ya cin data, waya sauraro kawai take yi, haka ma Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin da wayoyin yanzu ke haɗawa da su. Abin da ke cin data shi ne sauko da hoton taswirar da labarin cunkoso, kuma a taswira ta yau da kullum 'yan megabait ne a awa. Hoton sama na tauraron ɗan'adam shi ne mai haɗama, kashe shi. Sau da yawa ma waƙa ko bidiyon da fasinja ke kallo ne ke cinye datar, a ɗora wa taswira laifi. Don haka kada ka sayi babban kundi saboda nuna hanya. Layin da ya fi sabis a hanyar da za ka bi ya fi mai yawan gigabait amfani.

Google Maps yana bari ka sauke yanki guda tun kana gida a kan Wi-Fi, ya ja ka da mota ko babu sabis, illa dai ba za ka ga cunkoso ba. Waze, da Google ta saya a 2013, gwani ne wajen labarin abin da ke gaba, amma in data ta yanke ya zama makaho. Organic Maps da OsmAnd, masu aiki da taswirar OpenStreetMap, ƙasa sukutum suke saukewa. Ina ajiye ɗaya a waya don ko-ta-kwana, musamman in za a tsallaka iyaka inda kuɗin data na baƙon layi ke yanka. Sabunta abin da ka sauke daren da za ka tashi, don hanyoyi suna canzawa.

Abu ɗaya da na kusa mantawa: a wasu motoci ramin sigari ba ya mutuwa ko an zare makulli. Kashe motarka ka leƙa fitilar cajar. In tana nan a kunne, riƙa zare ta duk lokacin da motar za ta kwana biyu a ajiye.